LAFIYA UWAR JIKI: Zaman Gida Bayan An Sa Zoben Tumbi

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani al'amari da a da sai dai mu ji labarinsa a gidajen rediyon ƙasashen waje, amma yanzu ya shigo har cikin unguwanninmu, tun daga New Bell har zuwa PK 14, watau aikin tiyata da ake yi wa mai ƙiba domin ya rage. Ba wuya a yau ka ji an ce Hajiya wance ta tafi Tunusiya, ko kuwa Alhaji wane ya tafi Turkiyya ko Indiya an yi masa aikin tumbi. 'Yan'uwa su taru a filin jirgi su taryo shi, a yi ta barka da arziki, kowa ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Alhali kuwa ranar da aka sauko daga jirgin, ran nan ne jan aikin yake somawa, kuma a gida ake yin sa, a gaban akushi.

Mu dai mun taso mun tarar ana ɗaukar ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Amarya in ta yi wata uku ba ta cika ba, sai dangi su soma tambaya ko lafiya, shi ya sa har wasu 'yan mata suke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. To amma zamani ya juya. Tafiyar ƙasa ta ragu saboda babur, zaman shago ya yi yawa, ga shinkafa da mai, ga lemon kwalba, ga shayi mai sukari safe da yamma. Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Kamaru a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Abin da ke biyo bayanta kuwa kowa ya sani: ciwon sukari, hawan jini, ciwon gwiwa, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci.

Sai dai ba kowane mai jiki ne ya cancanci tiyata ba. Likitoci suna da lissafin da suke yi: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa sau tsawonsa a mita. Misali, mace mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110, lissafinta zai ba da 40. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce a yi wa wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da ciwo irin na sukari ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto da ma'aunin zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Wanda bai kai nan ba, gyaran abinci da motsa jiki ne maganinsa.

Mene ne zoben tumbi?

Wani zobe ne na roba mai laushi, irin wadda ake kira silikon, da ake ɗaurawa a wuyan tumbi, can sama kusa da inda bututun abinci ya shiga. Likitocinmu na nan suna ce masa ano gastirik. Ba a yanke kome daga tumbin. Zoben yana raba shi ne gida biyu, a bar 'yar jaka a sama wadda ba ta wuce cin cokali biyu ba, sauran kuma a ƙasa. A cikin zoben akwai wata 'yar balan-balan da aka haɗa da siririn tiyo zuwa wani ɗan akwati mai faɗin murfin kwalba, wanda ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita yake sa allura ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ya saki. Duk lomar da ta ratsa ta wannan matsatsi tana taɓa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi, saboda haka mutum yake ƙoshi da ɗan kaɗan.

Tun a shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi a Amurka da Suwidin. Wanda ya soma sa samfurin da ya fi shahara, mai suna Lap-Band, ta hanyar 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba, ɗan Afirka ne, Dokta Mitiku Belachew, haifaffen Habasha, a garin Huy na ƙasar Beljiyam a 1993. Amurka ta amince da shi a 2001, kuma ya yi tashe ƙwarai, domin a 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan rage ƙiba a can na zobe ne. Amma zuwa 2018 ya faɗo zuwa wajen kashi 1 cikin 100, aikin da ake yanke yawancin tumbi a bar shi siriri ya maye gurbinsa.

Dalilin faɗuwar yana cikin abin da aka gani bayan shekaru. A 2011 Dokta Jacques Himpens da abokan aikinsa a Burussel sun bi sawun waɗanda aka sa wa zoben shekara 12 ko fiye, suka tarar kusan rabinsu an cire musu shi. A ɗaya ɓangaren kuma, Farfesa Paul O'Brien na birnin Melbon a Ostareliya ya fitar da sakamakon mutane fiye da 3,000 a 2013, inda ya nuna cewa bayan shekara 15 waɗanda aka bi sawunsu sun riƙe raguwar wajen kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu. Abin da shi da mutanensa suka fi nanatawa shi ne komawa wurin likita a kai a kai. Nan ne kuma gizo yake saƙar ga mu da ake yi wa aikin a wata ƙasa, mu dawo mu zauna a wata. Mun ga ya dace mu yi wannan bayani domin akwai 'yan'uwanmu da ke ɗauke da zoben a jikinsu, akwai kuma asibitocin da har yanzu suke sa shi, sa'annan yawancin abin da za mu faɗa ya shafi waɗanda aka yi wa sauran ayyukan tumbi.

Makonni shida na farko

Galibi kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti. Mutum zai ji ciwo a wurin ɗinki, musamman inda aka binne akwatin, wani lokaci har da ciwon kafaɗa saboda iskar da aka hura a ciki lokacin aiki, kuma wannan yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Ana son a tashi a riƙa takawa tun ranar farko, domin kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Haka nan a cikin jirgi in za a dawo, a riƙa miƙewa ana ɗan zagayawa, kuma kada a yanki tikitin dawowa sai likita ya faɗi ranar.

Wajen mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romo da aka tace, kindirmo da aka dama ya yi ruwa ba sukari, madara, koko marar kauri. Mako biyu na gaba sai abin da aka niƙa ya yi lukui, kamar faten wake da aka cire wa ɓawo, dafaffen kifi da aka murtsuke, ƙwai mai laushi, ko kabewa. Daga nan a shiga abinci mai taushi, kafin a kai ga abincin kowa da kowa wajen mako na shida. Hikimar wannan jinkiri ita ce a bar zoben ya zauna daram a mazauninsa. Wanda ya yi gaggawar cin tuwo a mako na biyu, amai zai biyo baya, amai kuwa yana iya gusar da zoben tun bai kama ba.

A wannan tsakani ba a ɗaukar kaya mai nauyi, ko jarkar ruwa ce ko buhun shinkafa ko goyo, har mako huɗu zuwa shida. Masu zama a PK 14 da kewaye da suka saba hawan babur zuwa Kasuwar Santaral, gara su haƙura su shiga tasi a makonnin farko, domin jijjiga a kan sabon ɗinki azaba ce. Wanda ruku'u da sujada suka yi masa wuya ya yi sallarsa a zaune har ya warware. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma ya koma wurin likitansa da wuri, domin in abinci ya ragu maganin bai ragu ba, sukari yana iya faɗuwa ya kayar da mutum.

Abu ɗaya da ke rikita mutane shi ne, a wannan lokaci zoben yawanci sake yake, sai bayan mako huɗu zuwa shida ake soma ƙara masa ruwa. Saboda haka in yunwa ta dawo a mako na uku, ba lalacewa aikin ya yi ba. Akan yi ƙari sau da yawa a shekarar farko kafin a dace da daidai, watau inda ɗan abinci zai riƙe mutum sa'o'i, ba amai, ba ƙwannafi.

Yadda za a ci

Hanyar da abinci zai bi ta zama ƙanƙanuwa, don haka loma ma dole ta ƙanƙance. A ɗebi abin da bai wuce kan babban yatsa ba, a tauna shi kamar sau ashirin har ya zama ruwa a baki, a haɗiye, a dakata kamar minti guda kafin a sake kai hannu. In an yi minti 20 zuwa 30 a tashi, ko da saura. A soma da kifi, ko ƙwai, ko wake, ko nama mai laushi, sa'annan ganye, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe. Ba a haɗa ci da sha, sai a bar kamar rabin sa'a a tsakani. Amma a sauran yini a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har a sha lita ɗaya da rabi ko fiye, domin zafin Duwala da guminta ba sa ragawa kowa.

Abincin da ya fi maƙalewa a zobe kuwa, abin takaici, shi ne wanda muka fi so: tsire da balangu da kilishi, ganda, sabon burodi, shinkafar da ta bushe, bobolo da miyondo, da kayan marmari masu zare irin su abarba da mangwaro da totuwar lemo. Tuwon masara mun saba mu tsoma shi a miyar kuɓewa mu haɗiye ba tauna, to wannan al'ada ta ƙare ga mai zobe. Masu cin goro ma su yi hattara da gutsuren da bai niƙu ba. In abu ya maƙale, mutum zai ji nauyi a ƙirji, yawu ya riƙa taruwa. Kada a bi shi da ruwa don a tura, sai a miƙe a ɗan taka a jira, ko ya wuce ko ya dawo, sa'annan a koma ruwa-ruwa na yini guda.

Akwai kuma akasin haka, watau abin da ke wucewa salin-alin zoben bai ma san ya wuce ba: lemon kwalba, zoɓo mai sukari, fura da nono da aka cika wa sukari, kunun gyaɗa, shayi mai madarar gwangwani. Wanda nama ya gagare shi ya koma kan waɗannan, zai wayi gari ya kashe miliyoyin sefa nauyinsa yana nan inda yake. Ya kamata kuma a san iyakar abin da zoben yake yi. Matar nan ta misalinmu mai kilo 110, rarar nauyinta wajen kilo 42 ne, in ta kiyaye tana iya zubar da wajen 20 cikin shekara biyu zuwa uku. Ba za ta koma budurwa ba, amma gwiwa za ta huta, sukari da hawan jini su yi sauƙi.

Akushi ɗaya da kunyar baƙunci

A ganinmu, nan ne mai zobe ya fi shan wuya a cikinmu. Mu mutane ne masu ci tare, hannu biyar ko shida a tire ɗaya, kuma mai jinkiri ya tashi da yunwa. Wanda ya bi saurin jama'a zai ƙare a bayan gida yana amai. Mafita ita ce ya zauna tare da kowa, amma a zuba masa nasa a ƙaramin kwano. Haka nan a wurin biki ko suna, inda ƙin cin abincin mutane yake zama abin magana. Ba laifi ba ne a ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, likita ne ya ƙayyade mini, a zuba mini in tafi da shi." Mu kuma masu masauki mu daina cewa, "Haba Yaya, ɗan wannan ne zai gagare ki?" Wallahi yana gagara.

Iyalin gida su ma suna da nasu aikin. Mai girki ta san cewa naman maigida sai ya dahu ya yi laushi, an yanka shi ƙanana, da romo. Maigidan da matarsa ce aka yi wa aikin, ya daina shigowa da tsire da lemo da dare yana ajiyewa a gabanta. Sa'annan mu kama bakinmu. Mutum ya rame bisa umarnin likita, sai ka ji ana raɗa cewa ciwon zamani ne, ko asiri, ko kishiya ce ta sa shi gaba. Irin wannan magana ta sa wasu sun koma cin abin da aka hana su don kawai a daina kallonsu. Zubewar gashi da kan zo a wata na uku zuwa na shida ita ma ba abin tsoro ba ce, yana dawowa in ana samun abinci mai gina jiki da ƙwayoyin bitamin da likita ya rubuta.

Azumi, Sallah da juna biyu

Masana wannan fanni suna ba da shawarar a dakata da azumi na wata 6 zuwa shekara guda bayan aikin, gwargwadon yadda jiki ya murmure, domin mai zobe ba ya iya shan ruwa mai yawa a tashi ɗaya ya rama na yini. Addini ya yi wa majiyyaci rangwame, sai a tuntuɓi likita a kuma tuntuɓi malam game da ramuwa. Wanda aka ba izinin yi, ya buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan, ya tauna dabino sosai, ya yi sallar magariba, sa'annan ya zauna ya ci a natse. Ƙosai da wainar da aka yi wa haɗiyar yunwa su ne suke kai mutane asibiti. Da yake zoben yakan fi matsewa da sassafe, sahur ya zama abu mai ɗumi mai laushi. Ranar Babbar Sallah kuwa a zaɓi farfesu da hanta mai taushi, a bar soyayyen nama ga masu iyawa.

Ga mata, ana son a jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. A sani kuma cewa raguwar nauyi takan buɗe haihuwa ga wadda ta daɗe tana nema, don haka a yi shawara da likita tun kafin aikin. In ciki ya samu, a sanar da masu awo cewa akwai zobe, domin sau da yawa akan sassauta shi.

Alamun da ba a kwana da su

Zoben yana iya zamewa tumbi ya shaƙe, yana iya cin bangon tumbi ya shige ciki, akwatin yana iya ruɓa ko ya kife, kuma saurin rama yana kawo tsakuwa a matsarmama. In mutum ya kasa haɗiye ko da ruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani ya taso, ko ya yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi, ko wurin akwatin ya yi ja ya kumbura da zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to a nufi babban asibiti mai sashen tiyata, irin su Laquintinie da ke Akwa ko Babban Asibitin Duwala, ko da tsakar dare ne. Wanda ya san cunkoson Ndokoti ya san ba a jiran sai abu ya ɓaci. Ƙwannafi da tarin dare, da abinci ya riƙa dawowa baki cikin barci, alama ce zoben ya matse da yawa. Amai na makonni kuma yana ƙarar da bitamin B1, wanda rashinsa ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Zazzaɓin cizon sauro da ke zuwa da amai ma ba a yi masa maganin gida, a je asibiti a gaya musu akwai zobe. A guji magungunan ciwon jiki na bakin titi irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna cin tumbi. Babbar ƙwaya kuma a tambayi mai kantin magani ko ana iya fasa ta, don ba kowace ake dakawa ba. Sa'annan kada a kuskura a bar mai allurar unguwa ya taɓa akwatin nan. Allura ta musamman gare shi, mai suna Huber, ta yau da kullum tana yaga robar ruwan ya tsiyaye, ga kuma haɗarin shigar ƙwayar cuta.

Kafin a yanki tikiti

Shawararmu ga mai niyyar tafiya ita ce ya soma da nemo likitan tiyata a nan gida wanda ya yarda zai riƙa duba shi, yana ƙara ruwa yana ragewa. In bai samu ba, to zobe ba nasa ba ne, ya tattauna da likita a kan wata hanyar. In an yi aikin, kada ya baro asibitin sai da takardar bayanin aikin cikin Faransanci ko Ingilishi, wadda likitocinmu za su iya karantawa, da sunan samfurin zoben da yawan ruwan da yake ɗauka, domin akwai mai mililita 10 akwai mai 14. A ajiye ɗan littafi ana rubuta kowane ƙari da ranarsa. A kuma yi lissafin kuɗin shekaru masu zuwa, na ganin likita da gwajin jini da hoto, har da yiwuwar wani aikin na cirewa. Wanda aka cire wa zoben kuma bai sake hali ba, nauyin yakan dawo.

Masu tambaya game da allurar rage ƙiba irin su semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don wannan aiki a 2021, su sani tana aiki, amma tana da tsada, tana son firiji, kuma nauyi yakan dawo in an daina. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabunta da aka kama a wasu ƙasashe, saboda haka ba abin saye a hannun 'yan kasuwa ba ce.

Daga ƙarshe, ga mu da ba mu kai ga tiyata ba, rigakafi ya fi magani. Rage cokalin sukari a shayi, da takawa zuwa masallaci ko kasuwa a ƙasa, da auna sukari da hawan jini ko da sau ɗaya a shekara, duk ba su kai kuɗin tikitin jirgi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya.